Elafeboliyon: watan maharbiyar barewa a kalandar tsoffin Girkawa

A shekara ta 421 kafin Miladiyya, bayan an kwashe shekara goma ana gwabza yaƙi, birnin Atina da birnin Sparta suka yi rantsuwar zaman lafiya na shekara hamsin. Tusididis, marubucin tarihin da aka yi yaƙin a kan idonsa, ya kwafe yarjejeniyar har da ranar da za ta fara aiki. Kwanan wata biyu aka rubuta a ciki. A lissafin Sparta, rana ta huɗu ce daga ƙarshen watan Artemisiyos. A lissafin Atina kuwa, rana ta shida ce daga ƙarshen watan Elafeboliyon. Yini ɗaya ake nufi, jinjirin wata ɗaya ne ya tsaya musu su duka, tsakaninsu ba ta wuce tafiyar 'yan kwanaki a ƙasa ba, amma sunan wata ya bambanta, ƙirgen kwana ma ya saɓa da kwana biyu. Shekara biyu kafin haka, da suka tsagaita yaƙi na shekara guda, Atina ta rubuta 14 ga Elafeboliyon, Sparta ta rubuta 12 ga wani watan daban mai suna Gerastiyos. Wancan karon Atina ce a gaba da kwana biyu, wannan karon ita ce a baya da biyu.

Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin rashin iya lissafi. Ba haka ba ne. Mutanen da suka auna tafiyar taurari ba ƙirga kwana talatin zai gagare su ba. Abin da ya kawo saɓanin shi ne manufar da aka gina kalandar a kanta tun farko. A wurin Bagirke, kalanda jadawalin haƙƙoƙin allolin garinsu ne: wa za a yanka wa dabba, a wace rana, a wane ɗakin bauta. Tunda kowane birni yana da nasa bukukuwan da nasa shugabannin, sai kowanne ya riƙe tasa kalandar. Watan Elafeboliyon na Atina ya nuna wannan fili, shi ya sa na zaɓe shi.

Shi ne wata na tara a shekararsu. Shekarar Atina takan fara ne da jinjirin watan da ya biyo bayan ranar da yini ya fi tsawo, wato wajen Yuli, da watan Hekatombayon. Idan aka ƙirgo tara daga can, sai a faɗo tsakanin Maris da Afrilu. Yanayin ƙasar Girka ba irin namu ba ne: ruwansu da sanyinsu tare suke zuwa, tun daga wajen Oktoba, a lokacin ne kuma suke shuka alkama da sha'ir, su yi girbi wajen Mayu da Yuni. Saboda haka Elafeboliyon yana kamawa ne daidai sa'ad da sanyi ya ja da baya, gonaki suka yi kore shar, dabbobi suka fara haihuwa, teku kuma ta lafa har jiragen ruwa suka sami damar fita. Wannan na ƙarshen zai yi mana amfani nan gaba.

Kowane wata yana farawa da ganin jinjiri, ya yi kwana 30 ko 29. Na talatin suna ce masa cikakke, na ashirin da tara kuma mai rami. Kwanaki goman ƙarshe da baya da baya ake ƙirga su, abin da ya sa yarjejeniyar ta ce "ta shida daga ƙarshe". Ranar ƙarshe kuwa sunanta "tsoho da sabo", domin tana tsakanin watan da ya mutu da wanda bai tsaya ba. Wata goma sha biyu irin waɗannan sukan ba da kwana 354, ƙasa da shekarar rana da kwana goma sha ɗaya. Duk Musulmi ya san abin da wannan tazara ke yi, tunda mun ga azumi a cikin zafi mun gan shi a cikin hunturu. Girkawa ba za su iya barin nasu watannin su zagaya haka ba, saboda bukukuwansu a ɗaure suke da noma. Bikin buɗe randunan sabuwar giyar inabi ba zai yiwu kafin giyar ta nuna ba, bikin nunan fari ba zai yiwu hatsi na ƙasa ba. Maganinsu shi ne su riƙa cusa wata na goma sha uku bayan shekara biyu ko uku. A Atina yawanci watan Poseidiyon na tsakiyar hunturu ake maimaitawa. A shekara ta 432 kafin Miladiyya wani masanin taurari mai suna Meton ya nuna cewa shekara 19 ta rana ta yi daidai da wata 235, wato ana buƙatar ƙarin wata bakwai a cikin kowace shekara goma sha tara. Duk da wannan ilimi, hukuncin yaushe za a ƙara wata ya ci gaba da zama a hannun masu mulkin kowane birni. Idan Atina ta ƙara bana, Sparta ta bari sai baɗi, to watanninsu sun goce wa juna ke nan.

Sunayen watannin kusan duka daga bukukuwan addini aka ciro su. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, shi da ke cewa watan Cika-ciki, watan Azumi, watan Babbar Salla. Al'adar ta daɗe ƙwarai a Girka. Allunan yumɓu da aka tono a Nosos na tsibirin Kirit da Pilos, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 1200 kafin Miladiyya, kuma Michael Ventris ya warware rubutunsu a 1952, suna ɗauke da sunayen watanni a saman lissafin man zaitun da ake kai wa wuraren bauta. Ɗaya daga cikinsu watan Zeus ne, babban allansu. Tun farkon bayyanar wata a rubuce cikin harshen Girka, a kan takardar hadaya ya bayyana.

Elafeboliyon ya samo sunansa daga bikin Elafeboliya, shi kuma bikin daga laƙabin Artemis: Elafebolos, mai harbin barewa. A imaninsu Artemis 'yar Zeyus ce, tagwayen Apolo, budurwa mai kwari da baka, uwargijiyar daji da namun cikinsa. Abin lura game da ita shi ne ita ce mai farautar dabba, ita ce kuma mai kishin dabbar. Maharbi ba ya shiga daji sai da yardarta, wanda ya ƙetare iyaka kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. A tatsuniyoyinsu, sarki Agamemnon ya harbe barewarta ya yi alfahari, sai ta tsayar da iska, jiragen yaƙinsa suka maƙale a Aulis, har sai da ya miƙa 'yarsa Ifijiniya hadaya. A wata ruwayar, da wuƙa ta kusa wuyan yarinyar sai Artemis ta ɗauke ta, ta ajiye barewa a madadinta. Maharbi Aktayon kuma da ya gan ta tana wanka, barewa ta mayar da shi, karnukansa suka cinye shi. Mata masu naƙuda ita suke kira, 'yan mata kafin aure ita suke yi wa hidima. Ke nan duk inda rai ke tsaye a bakin iyaka, tsakanin gari da daji, tsakanin ƙuruciya da girma, tsakanin haihuwa da mutuwa, nan ne hurumin Artemis. Ba abin mamaki ba ne da aka ba ta lokacin da shekara ke fita daga sanyi.

Kuma ba Atina kaɗai ta ba ta shi ba. Sunan watan Sparta da ke cikin yarjejeniyar nan, Artemisiyos, sunanta ne kai tsaye. A Miletus da Afisa da tsibirin Delos akwai watan Artemisiyon a wannan yanki na shekara. A Makidoniya ma akwai Artemisiyos. A Elis, inda ake wasannin Olimfiya, watan da dare da rana ke daidaita sunansa Elafiyos, watan barewa. Fausaniyas, wanda ya zagaya Girka a ƙarni na 2 Miladiyya yana rubuta abin da ya gani, ya ce a ranar 19 ga wannan wata ne masu duba ke kwaɓa toka da ruwan kogin Alfiyos su yaɓe bagadin Zeyus. Birane da ba su yarda da juna a kan komai ba sun haɗu a kan cewa wannan lokaci nata ne.

Abin da ya rage mana game da yadda ake bikin Elafeboliya a Atina ɗan kaɗan ne, amma yana da daɗin ji. Atenayos, wani marubuci ɗan Naukiratis ta Masar da ya rayu wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya ambaci wata waina da ake yi a bikin, da ƙullun gari da zuma da riɗi, sunanta "barewa". Masana na ganin a siffar barewa ake yin ta, kuma ta tsaya ne a madadin dabbar da a da ake miƙawa, bayan noma ya cinye dazuzzukan Atika, yankin da Atina take, barewa ta yi wuyar samu. Suna kuma sanya bikin a ranar 6 ga wata, domin shida ga kowane wata ranar Artemis ce, kamar yadda bakwai take ta Apolo, uku ta Atena, takwas ta Poseidon.

Inda bikin ya yi ƙarfi sosai shi ne garin Hiyampolis a yankin Fokis, kuma labarin da ke bayansa mai nauyi ne. Marubuci Fulutak ya ruwaito cewa mutanen Tesaliya sun taho wa Fokis da yaƙin ƙare dangi. Sai wani shugabansu, Daifantos, ya kawo shawarar a tara mata da yara wuri ɗaya, a kewaye su da itace, a sa masu tsaro da umarnin cewa idan aka ci mazan da yaƙi, a cinna wuta, kada ko ɗaya ya faɗa hannun abokan gaba. Wani a cikin taron ya miƙe ya ce ba daidai ba ne a yanke wannan ba tare da an ji ta bakin matan ba. Matan suka yi nasu taron, suka amince, har suka karrama Daifantos. Mazan suka fita suka yi nasara, wutar ba a kunna ta ba. Fulutak ya ce har zamaninsa, ɗaruruwan shekaru bayan haka, Elafeboliya ne babban bikin mutanen Fokis, suna yi wa Artemis shi don tuna wannan rana. Abin da ya fi taɓa ni a labarin shi ne mutumin da ya miƙe ya ce a tambayi matan. A al'ummar da mace ba ta da murya a majalisa, an sami wanda ya ga cewa ran mutum ba a yanke masa hukunci a bayan idonsa. Labarin ya kuma nuna yadda tsohon bikin maharba ke ɗaukar sabon kaya: suna bai canja ba, abar bautar ba ta canja ba, amma abin da jama'a ke tunawa a ranar ya zama tarihin tsirarsu.

A Atina abin da ya faru da watan daban ne. Artemis ta riƙe suna, Diyonisus ya ƙwace kwanakin. Tun daga ƙarni na 6 kafin Miladiyya, babban abin da ke cika Elafeboliyon shi ne Diyonisiya ta Birni, bikin allan inabi da giya da fitar mutum daga hayyacinsa. Gunkinsa na katako daga Eleuterai aka kawo shi, wani gari a kan iyakar Atika da Boyotiya. Ruwayarsu ta ce da farko mutanen Atina sun ƙi karɓarsa, sai cuta ta kama mazajensu a gabansu, ba su warke ba sai da suka girmama shi. Don haka kowace shekara sai a fitar da gunkin zuwa wani ƙaramin ɗakin bauta a bayan gari kusa da Akademiya, a sake shigo da shi da dare da jiniyoyin wuta, kamar yau ya fara zuwa. Ranar 8 ga wata marubuta wasanni kan fito gaban jama'a da 'yan wasansu su sanar da abin da suka shirya. Ranar 10 a yi babban jerin gwano, a yanka bijimai, gari ya ci nama. Daga nan sai gasa. Ƙabilu goma na Atina kowacce ta kawo ayarin mawaƙa biyu, na manya hamsin da na yara hamsin, wato mutum dubu ke nan ke rera waƙar yabon Diyonisus. Sai marubuta uku na wasan alhini, kowanne da yini guda da wasanni huɗu, sai kuma wasannin barkwanci, waɗanda aka shigar da su gasar a 486 kafin Miladiyya.

A wannan mako, a gangaren kudu na dutsen Akropolis, aka fara nuna mafi yawan wasannin da duniya ke karantawa yau da sunan adabin Girka. Wasan Eskilus a kan Farisawa a nan aka yi shi a 472, saurayi Perikilis, wanda daga baya ya zama jagoran Atina, shi ne ya ɗauki nauyin kuɗinsa. Sofokilis a nan ya fara cin gasa a 468. A ganina kuskure ne babba a karanta waɗannan ayyuka a manta da inda aka haife su. Gunkin Diyonisus yana cikin dandalin ana wasan a gabansa, limaminsa na zaune a kujerar tsakiya ta sahun farko, an tsarkake wurin da jinin hadaya kafin a fara. Ibada ce a wurinsu, kuma doka ta kare ta: an hana kama dukiyar wanda ake bi bashi a kwanakin bikin, bayan an gama kuma majalisar jama'a kan zauna a cikin dandalin ta saurari ƙarar duk wanda aka ce ya keta alfarmarsa.

Nan ne maganar teku ta shigo. Atina tana da wani bikin wasanni na Diyonisus a tsakiyar hunturu, Lenaya, amma shi na 'yan gida ne, domin babu jirgin da ke tasowa a lokacin. Elafeboliyon kuwa ya dace da buɗewar hanyar ruwa, har masanin falsafa Tiyofarastus ya sa zancen cewa "daga Diyonisiya teku ke shiguwa" cikin irin maganar da mai surutu ke cika mutane da ita, saboda kowa ya sani. Fatake da jakadu da baƙi sukan cika gari. Bayan an ɗauke baitulmalin ƙawancen biranen Girka daga Delos zuwa Atina a 454, a wannan lokaci ne biranen da ke ƙarƙashinta ke kawo harajin shekara, a shigo da azurfar cikin dandali a baje ta gaban 'yan kallo. Marayun da iyayensu suka mutu a fagen daga, waɗanda birni ya rena, a nan ake fito da su sanye da kayan yaƙi idan sun balaga. Addini, nuna ƙarfi da karɓar haraji duk a zama ɗaya. Shi ya sa da marubucin wasan barkwanci Aristofanis ya soki shugabannin gari a wasansa na 426, ɗan siyasa Kiliyon ya kai ƙararsa da cewa ya kunyata birni a gaban baƙi. Shi ya sa kuma sulhun 423 da na 421 duka suka faɗo a wannan wata: jakadu na gari, kuma lokacin fita yaƙi ya ƙarato, dole a yanke shawara.

Kalandar da ke hannun masu mulki kuwa ba ta rasa lanƙwasawa. Babban jami'in shekara, wanda suke kira arkon, yana da ikon maimaita rana. Wani rubutu a kan dutse ya nuna cewa wajen shekara ta 271 kafin Miladiyya an tsayar da Elafeboliyon a kan 9 ga wata har na ƙarin kwana huɗu kafin a bari 10 ta shigo, masana kuma na danganta hakan da shirin Diyonisiya da bai kammala ba. Hikimar ita ce ranar bikin ba ta taɓuwa, 10 ga wata ce har abada, amma yaushe 10 za ta zo, wannan aikin hukuma ne. Daga baya sai a cire kwanaki a wani wuri don a cim ma jinjiri. A ƙarni na 2 kafin Miladiyya abin ya kai wasu takardun hukuma na ɗauke da kwanan wata biyu, ɗaya "bisa ga arkon", ɗaya "bisa ga abin bauta", wato bisa ga watan da ke sama.

Jama'a sun san ana yi, kuma bai kwanta musu ba. A wasan barkwancin Aristofanis na gizagizai, wanda aka nuna a Diyonisiyar 423, an sa farin wata ya aiko wa mutanen Atina ƙorafi cewa sun hargitsa kwanaki, alloli kan zo cin liyafarsu su tarar ba ranar ba ce su koma da yunwa, ranar da ya kamata a yi yanka kuma mutane na kotu suna shari'a. Dariya aka yi, amma damuwar gaskiya ce. Idan an yi alkawari da abin bauta a rana kaza, aka matsar da ranar, an cika alkawarin ko an saɓa?

Wasu sun wuce gona da iri. A 419 mutanen Argos suna son kai wa Epidauros hari, ga shi watan Karneyos mai alfarma, wanda Doriyawa, ƙabilar da mutanen Argos suka fito daga cikinta, ba sa yaƙi a cikinsa, ya kusa tsayawa. Sai suka fita ana saura kwana huɗu, suka ci gaba da kiran kowace rana da wannan kwanan wata har suka gama abin da ya kai su. Iskandar Mai Girma, da ya iso kogin Giranikus a 334, aka tuna masa cewa sarakunan Makidoniya ba sa fita yaƙi a watan Daisiyos, sai ya ce a kira watan Artemisiyos na biyu. Mafi muni shi ne abin da Atina ta yi wa sarki Dimitiriyos wajen 302. Ya nemi a shigar da shi asiran Eleusis, wata ibada ta sirri, gaba ɗaya a zuwa guda, alhali matakin farko a watan Antesteriyon ake yi, na biyu a Boyedromiyon, wata bakwai tsakani. Majalisa ta zartar cewa watan Munikiyon da ake ciki ya zama Antesteriyon, da aka gama kuma ya zama Boyedromiyon. Wanda ya san tarihin Larabawan jahiliyya zai tuna da nasi'u, jinkirta alfarmar wata zuwa wani don a sami damar yaƙi, abin da Alƙur'ani ya yi tir da shi a aya ta 37 ta Suratut Tauba. Al'ummomin biyu sun yi nisa da juna, amma dabarar ɗaya ce: ba a fito a ce an karya doka ba, sai a matsar da lokacin da dokar ta rataya a kansa. Ni dai ina ganin wannan ya fi karya dokar a fili illa, domin yana koya wa jama'a cewa alfarma abu ce da mai iko ke juyawa yadda ya so.

Ga mai rubuta tarihi irin wannan kalanda ba ta da amfani, shi ya sa Tusididis ya tsara littafinsa bisa lokacin zafi da lokacin sanyi na kowace shekara, ya kuma ce hakan ya fi dogara da sunayen masu riƙe da muƙami. Majalisar mutum ɗari biyar ta Atina ita ma tana da nata lissafin daban, ta raba shekara gida goma, kowace ƙabila ta jagoranci kaso ɗaya. Manomi da matuƙin jirgi kuwa taurari suke duba. Watanni masu sunayen bukukuwa an bar su ga aikin da aka ƙirƙire su dominsa.

A kan wannan aiki sun daɗe ƙwarai. Bayan Rumawa sun mamaye Girka, bayan Yuliyas Kaisar ya kawo kalandar rana a shekara ta 46 kafin Miladiyya, Atina ta ci gaba da ƙirga Elafeboliyon ɗinta na ƙarnuka. A Afisa, wadda kangonta ke yammacin Turkiyya a yau, an sassaƙa wata doka a dutse wajen shekara ta 160 da 'yan kai Miladiyya, wadda ta keɓe watan Artemisiyon gaba ɗayansa ga Artemis, kowace rana a cikinsa ta zama ta biki da hutu, da hujjar cewa girmama ta ne ke ƙara wa birnin ɗaukaka da arziki. Sai da addinin Kirista ya kafu, aka rufe ɗakunan bauta a ƙarshen ƙarni na 4 da bayansa, sannan sunayen suka rasa abin da ke riƙe da su. Girkawan yau Martiyos da Apriliyos suke cewa, sunayen da suka gada daga Rum.